Alhassan Ɗantata: Marayan Bebeji da ya gina dukiyarsa a kan amana

Duk wanda ya bi ta Mokola a Ibadan ya shiga unguwar Sabo a yau, 'yan canji zai fara gani a bakin titi, da yamma kuma hayaƙin masu tsire ya tarye shi. Sai dai canjin kuɗi baƙo ne a tarihin unguwar. An ware ta a shekarar 1916 domin Hausawa mazauna birnin, kuma abin da ya riƙe ta tsawon shekaru shi ne shanun da ke gangarowa daga Arewa da goron da ke hawa can. A cikin fataken da suka fara karkatar da akalar cinikin goro daga tsohuwar hanyar Gwanja zuwa hanyar Legas da Ibadan, babu wanda sunansa ya kai na Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a Kano a 1955 ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Yawan dukiyar tasa an daɗe ana ba da labarinsa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda mutum ɗaya, wanda bai taɓa zama a ajin boko ba, ya iya damƙa kuɗinsa a hannun ɗimbin wakilai da ke nesa da idonsa, a ƙauyuka da tashoshin da sai an yi kwanaki kafin labari ya iso daga gare su, kuma kuɗin suka riƙa dawowa da riba. Wannan tambaya ce da duk wani darakta a sakatariyar tarayya, da duk wani hadimin minista, ke fama da irinta kowace safiya.

Maraici da asusu

An haifi Alhassan a garin Bebeji, kudu da birnin Kano, a wajajen 1877. Iyayensa Agalawa ne, ɗaya daga cikin rukunonin fatake uku da suka mamaye cinikin goro a ƙarni na 19, sauran biyun su ne Tokarawa da Kambarin Barebari, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya fayyace a littafinsa Caravans of Kola na 1980. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai cin gashin kanta. Bebeji a lokacin zango ne babba a kan hanyar ayarin da ke zuwa Gwanja, inda ake kai kanwa da tufafin Kano da fatu a dawo da goro a bayan jakuna, tafiya ta watanni.

Yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka mahaifinsa ya rasu. Aka raba gado tsakanin 'ya'ya masu yawa, abin da ya zo hannun kowa bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa ta tafi Ankara, a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ta bar shi da 'yan'uwansa a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga sunanta ne laƙabin ya samo asali. Attajirin da ya fi kowa a yankin, har ya koma ga Mahaliccinsa, da sunan baiwar da ta rene shi duniya ta san shi, kuma da shi jikokinsa ke alfahari a yau.

Ya yi karatun allo a Bebeji, ya ɗanɗana rayuwar almajiri, da aikin gona da hidimar malam. Labarin da iyalinsa da marubuta tarihinsa suka adana shi ne Tata ce ta koya masa tattali, kuma tun yana yaro yake jefa ɗan abin da ya samu a asusu maimakon ya kai bakin mai ƙosai.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam suna da dogon zance a kan wannan ɗabi'a ta kamun kai. A ƙarshen shekarun 1960, Walter Mischel na Jami'ar Stanford a Amurka ya fara gwajinsa da ya shahara: a ajiye wa ƙaramin yaro alewa ɗaya, a ce masa in ya jira zai samu biyu. Bibiyar da aka yi daga baya ta nuna yaran da suka jure sun fi samun nasara a karatu, aka yi ta yayata cewa haƙuri tun ƙuruciya shi ne mabuɗin komai. Amma a 2013 Celeste Kidd da abokan aikinta a Jami'ar Rochester suka sake gwajin da wani ɗan sauyi. Kafin a kawo alewar, sai a yi wa yaro wani alkawari, wasu a cika masu, wasu a saɓa. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka yaudara kimanin minti uku kacal. Wato jira yana da ma'ana ne a wurin da alkawari ke da daraja. Yaron da ke ajiya a asusu yana buƙatar gidan da ba za a fasa masa asusun yana barci ba, kuma a nan ne rawar Tata ta fi girman yadda aka saba faɗa.

Gwanja, Ankara da Basasa

Da ya kai wajen shekara 15 ya bi ayarin Gwanja, ya ƙarasa har Ankara wurin mahaifiyarsa. In da ya je da tsammanin hutu a gidan uwa mai hali, to bai samu ba. Ta miƙa shi ga wani malami, ya ci gaba da karatu da neman na kansa. A wannan zama ne ya ga bakin teku da jiragen ruwa, ya kuma ga yadda kaya ke tafiya ba tare da jaki ba.

Ya dawo gida ya tarar da wuta. Bayan rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Bello a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, ɓangaren Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi amincewa, aka faɗa yaƙin Basasa. Agalawa da yawa sun bi Tukur, kuma ɓangarensa ne ya sha kaye. Aka ci Bebeji, aka kama mutane, cikinsu har da Alhassan da wasu 'yan'uwansa. Sun ɗanɗani bauta kafin su fanshi kansu su koma gida bayan ƙura ta lafa, Aliyu Babba yana kan gadon sarauta. Kafin ya cika shekara 20, ke nan, ya rasa uba, ya rabu da uwa, ya rasa 'yancinsa ya sake samu. Shekaru kaɗan bayan haka, a farkon 1903, dakarun Ingila suka fasa ƙofar Bebeji a kan hanyarsu ta cin Kano.

Teku da dogo

Tsohuwar hanyar Gwanja ta riga ta fara mutuwa tun kafin nan. Turawan Ingila sun ƙona Kumasi a 1874, ikon Asante a kan kasuwar Salaga ya raunana, yaƙin cikin gida na 1892 ya ƙarasa watsa garin. Fatake da dama sun ci gaba da bin sawun iyayensu har hanyar ta gagara. Ɗantata ya lissafa abin daban. Ya riƙa sayen goro a Kumasi da kewayenta, a loda a jirgin ruwa daga Sekondi ko Ankara zuwa Legas, daga nan ya hau Arewa ta Ibadan. Goro kaya ne mai saurin lalacewa, sai an yi ta kwance huhu ana fidda ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa, saboda haka duk kwanan da aka rage a hanya riba ce. Inda ayari ke yin zuwa ɗaya a shekara, shi yana juya jarinsa sau da yawa.

Layin dogo ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Bebeji, wadda arzikinta ya dogara da ayari, ta fara dusashewa, Ɗantata ya koma birnin Kano ya kafa gida a unguwar Sarari. A wannan zamani kuma manoman ƙasar Yarabawa suka rungumi shuka irin goron da Hausawa ke so, har daga baya ya maye gurbin na Gwanja. Wannan shi ya cika garuruwa irin su Ibadan da Shagamu da Agege da Hausawa masu saye da ɗaurin goro, shi ya kuma ba Sabo dalilin wanzuwa.

Gyaɗa

Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa dogon ne da mafarkin auduga, domin ciyar da masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, wadda masana'antun man girki da sabulu na Turai ke nema ruwa a jallo, wadda kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cinye ta a gida. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn, a littafinsa na 1978 kan fitar da gyaɗar Najeriya, ya nuna cewa fataken goro ne suka haɗa manoman da kamfanonin Turawa, domin su ke da jari, su ke da yara a ƙauyuka, su kuma manomi ya sani. Cikinsu akwai Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo da Ɗantata, wanda a farko ba shi ne babba a cikinsu ba. Kafin tsakiyar shekarun 1920 ya wuce su duka.

Ya zama babban mai saye wa Kamfanin Neja, wanda ya narke cikin UAC a 1929. Dabararsa ita ce ya riga kowa shiga kasuwa. Yana raba wa wakilansa kuɗi da kaya tun kafin kaka, su kuma su ba manoma, idan an yi roro gyaɗar ta zo gare shi. Ana danganta masa al'adar jera buhuna a yi dala da su kafin a samu taragon da zai kwashe, dalar da ta zama tambarin Kano, wadda babba daga ciki kan ɗauki buhu kusan 15,000. Shahararren labarin nan na 1929, cewa ya kai lodin raƙuma 20 na tsabar azurfa Bankin BBWA, wanda ya zama First Bank a yau, ya kuma ƙi karɓar kuɗin ruwa saboda addini, ya nuna girman abin da ya tara a cikin shekara 20 ko ƙasa da haka. Ya kuma sa hannu a cinikin shanu da tufafi da tsakiya da hatsi da sufurin mota.

Tsarin ba da kuɗi kafin kaka yana da fuska biyu, kuma bai kamata a rufe ɗayar ba. Ya fitar da manomi daga kunyar damina, amma wanda ya ci bashi a watan Yuli ba shi da bakin taya farashi a watan Nuwamba. Wani ɓangare na ribar manyan 'yan gyaɗa daga wannan rashin zaɓi ya fito.

Maigida da yaransa

Babu wanda ya zauna ya rubuta dalla-dalla yadda tsarin maigida da yara ke aiki kamar Abner Cohen, masanin zamantakewa haifaffen Bagadaza, wanda ya yi bincike a Sabon Ibadan a 1962 zuwa 1963, ya kuma fitar da littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. Ɗantata ya riga ya rasu a lokacin, kuma binciken a kan masu gidajen Sabo yake, amma tsarin da Cohen ya gani shi ne wanda Ɗantata ya tashi a ciki ya kuma faɗaɗa.

Unguwar a lokacin tana da mutum dubu huɗu da 'yan kai. Falke zai iso da garken shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki da abinci. Dillalan maigida su sayar da shanun ga mahauta Yarabawa a kan bashi na 'yan makonni, babu takarda, babu banki, babu kotu. Maigida ne ke tsaya wa bashin: in mahauci ya gudu, shi zai biya daga aljihunsa, in ya kasa sunansa ya mutu a duk zangunan da ke tsakanin Ibadan da Kano. Don haka babban jarinsa shi ne sani, ya san wane mahauci ke biya, wane ke da bashi a gida uku, kuma dillalansa ne idanunsa a kasuwa. Su kuwa yaran, abin da ke riƙe su ya wuce la'ada. Maigida ne ke yi masu aure, ya ba su wurin zama, ya ba su 'ya'yan riƙo, wani lokaci ya ba su jari su tsaya da ƙafarsu. Yaron da ya ci amana ba albashi kawai yake rasawa ba, har da gida da surukai da sahun salla. Cohen ya lura cewa lokacin da siyasar jam'iyyu ta fara raunana ikon Sarkin Sabo a farkon shekarun 1950, sai mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu, zaman wazifa na kullum ya zama sabon igiyar da ta ɗaure su.

Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru wani bincike ya kai ga hukuncin da ya yi hannun riga da wannan. David McClelland na Jami'ar Harvard ya fitar da The Achieving Society a 1961, yana mai cewa ci gaban al'umma ya dogara da yawan masu ƙishirwar yin fice a cikinta. Robert LeVine ya ɗauko ma'aunin ya kawo Najeriya, ya tattara labaran mafarkai da rubuce-rubucen ɗaliban sakandare maza, ya buga sakamakon a Dreams and Deeds a 1966. Ɗaliban Ibo suka zo kan gaba a ƙishirwar yin fice, Yarabawa a tsakiya, Hausawa a ƙarshe, su kuma suka fi ba biyayya muhimmanci. LeVine ya danganta haka da tsarin barantaka, inda hanyar ɗaukaka ita ce yi wa babba hidima har ya ja ka sama.

Akwai gaskiya a bayaninsa game da fada, amma ma'aunin ya duba ɗan makarantar da ake shirya wa aikin En'e ne, ya tsallake kasuwa. Yaron falke da ke tsaye shi kaɗai a wani ƙauye da jakar kuɗin maigidansa, yana yanke farashi, yana tantance wanda za a ba bashi, ba zaman jiran umarni yake yi ba. Biyayyarsa da himmarsa tafiya ɗaya suke, domin a ƙarshen hidimar akwai jari da gida nasa na kansa. Edward Deci da Richard Ryan, waɗanda littafinsu na 1985 ya zama ginshiƙi a nazarin ƙwazon ma'aikata, sun ce mutum ya fi ba da kansa ga aiki idan ya samu abu uku: damar yanke shawara, jin cewa ya ƙware, da jin cewa shi ɗan gida ne. Wakilin Ɗantata nisa ya tilasta a ba shi na farko, shekarun koyo a gindin maigida sun ba shi na biyu, aure da riƙo sun ba shi na uku. Ma'aikacin da ya shekara goma a mataki ɗaya, wanda takardar da ya rubuta sai ta bi tebur bakwai kafin a sa mata hannu, zai iya auna nasa rabon da wannan sikeli.

Sai dai wanda aka sakar wa mara ana bin sa da lissafi. Marubuta tarihin attajiran Kano, irin su Abdulkarim Umar Ɗan-Asabe, sun siffanta Ɗantata da mutum mai tsantseni a ci da sutura, mai dogon yini a wurin aiki, wanda ke zama da wakilansa da kansa yana bin shiga da fita. Ya sa 'ya'yansa cikin harkar tun suna ƙanana, kuma ya riƙe amintattun ma'aikata tsawon shekaru masu yawa, cikinsu har da mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli. Raunin tsarin kuwa a bayyane yake: komai ya rataya a kan mutum ɗaya. In maigida ya yi adalci yara su tashi, in ya zama azzalumi babu hukumar da yaro zai kai ƙara. Dokokin aikin gwamnati, duk da nauyin jikinsu, an ƙirƙiro su ne domin kada makomar ma'aikaci ta dogara da halin shugabansa, kuma hadiman 'yan siyasa, waɗanda har yau a ƙarƙashin tsohon tsarin suke rayuwa, sun fi kowa sanin abin da ke faruwa ranar da maigida ya faɗi.

Iyakar da aka shata masa

Duk da ƙarfinsa, akwai ƙofar da aka daɗe ana rufe masa. Fitar da gyaɗa zuwa Turai, inda babbar ribar take, haƙƙin kamfanonin Turawa ne. Ya nemi izinin saye da fitarwa da kansa a wajajen 1940, aka hana shi da hujjar yanayin yaƙi. Bayan an kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, sai a kakar 1953 zuwa 1954 ya samu lasisin sayar wa hukumar kai tsaye ba tare da ya bi ta wani kamfani ba. Yana da shekara fiye da 75 a lokacin, ya kuma shafe sama da shekara 30 yana tara wa wasu gyaɗar da suke kaiwa Libaful.

A tsakanin nan ya yi aikin Hajji ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920, ya ɗauki nauyin wasu zuwa Makka, ya zuba kuɗi a yunƙurin 'yan kasuwar Kano na kafa masaƙa tasu ta kansu, aka kuma shigar da shi majalisar Sarkin Kano Abdullahi Bayero duk da cewa ba jinin sarauta ba ne.

Da ciwo ya tsananta a 1955, ya tara 'ya'yansa da Garba Maisikeli. Wasiyyar da aka ruwaito daga gare shi ta taɓa haɗin kan gidan, da kada a bar kamfanin Alhassan Ɗantata da 'Ya'yansa ya wargaje bayan rabon gado, da guje wa rigima da sauran attajiran Kano, da kula da matalautan dangi. Mutumin da rabon gado ya mayar da shi almajiri yana ɗan shekara takwas ya san abin da yake tsoro. Kwana uku bayan haka, ranar Laraba 17 ga Agusta, 1955, ya rasu, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Kamfanin bai wargaje ba. Ahmadu ya jagorance shi har rasuwarsa a 1960, Aminu ya karɓa ya kai shi harkar gine-gine da man fetur, ya rayu har watan Yunin 2025. Sanusi ya gina tasa harkar a gefe, kuma 'yarsa Mariya ce ta haifi Aliko Ɗangote. Dalar gyaɗa kuwa ta ɓace daga Kano a shekarun 1970, bayan fari da cutar da ta afka wa shukar a 1975, da kuma kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati daga gona.